Tsakanin Civilization VII da Tony Hawk, wanne ya fi cin tunani?

Ɗan_Fagge: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da magana, kuma na san wasu za su ce rana ce ta buge ni. Gem biyu ne a hannuna kwanan nan, Civilization VII da Tony Hawk's Pro Skater 3+4. Na farkon da ɗoki na saye shi saboda an ce akwai Sarauniya Amina ta Zazzau a ciki. Na biyun kuwa ƙanena ne ya matsa mini, ni da ban taɓa taka allo mai taya ba. To ga abin da na gani. Wanda ake kira wasan dabara, in na kai tsakiyarsa sai in riƙa danna zagaye na gaba ina hamma. Wanda ake ce wa na yara kuma, minti biyu ake ba ka a fili, amma kafin in fara sai na zauna na tsara hanya: ta ina zan gangaro, wane ƙarfe zan gurza, a ina zan ɗaga tayoyin gaba don kada lissafina ya yanke, wane harafi cikin haruffan SKATE da aka warwatsa a fili zan ɗauka a kan hanya. Ni dai a ganina Tony Hawk ya fi Civ VII neman tsari. Wanda bai yarda ba ga fili ga mai doki.

Sarkin_Dara: Wa alaikumus salam. Tambaya ɗaya kafin a yi nisa, a wane matakin wahala kake buga Civ ɗin? Don in a na farko-farkon nan ne, ai ko barci kake za ka ci. Ka hau Deity, matakin ƙarshe mafi wahala, tukuna ka dawo ka ba mu labarin hamma.

Ɗan_Fagge: Tsaka-tsaki nake bugawa, oga. Amma ƙara wahala a Civ ai ba wayo yake ƙara wa kwamfuta ba, garaɓasa ake ba ta ta ƙarfin soja da yawan abin da garuruwanta ke samarwa. Wauta ɗaya ce, an dai cika mata aljihu.

Bazazzagiya: Ku tsaya a kan maganar Amina tukuna, don ni ita ta kai ni. Ranar da na ji ta buɗe baki tana Hausa sai da na kira mutanen gidanmu su zo su ji. Kuma ba su yi mata rowar ƙarfi ba: sojojinta suna samun ƙarin ƙarfi in a fili ko hamada ake yaƙin, garuruwanta kuma suna ɗaukar kayan kasuwanci fiye da na saura, kowane kaya yana kawo zinariya. Wannan ya yi daidai da abin da muka tashi muna ji, mace mai yaƙi mai riƙe hanyoyin fatauci. Inda suka ɓata mini rai shi ne babu ƙasar Hausa a wasan. Ga sarauniyar Zazzau, amma sai ka ɗora ta a kan Aksum ta Habasha a zamanin farko, ta koma Songhai a na biyu, ta ƙare a Buganda can Yuganda. Ina Zazzau ina Buganda, don Allah? Ko ganuwa ɗaya mai sunanta ba ka ginawa.

MalamTarihi: Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Littafin Tarihin Kano da kansa ya ambaci Amina, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, ta ci har Kwararrafa da Nupe, kuma Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Masana sun yi saɓani kan zamaninta, wasu sun sa ta a ƙarni na 15 bisa wannan littafin, mafi yawa suna cewa na 16. Ko wanne aka ɗauka, akwai abin da za a gina ƙasa sukutum da shi a wasa: birane masu ganuwa, marina, fatake, dawakai masu lifidi. Sai dai a yi adalci, tsarin Civ VII ne ya raba shugaba da ƙasa ga kowa da kowa, ba Amina kaɗai aka yi wa ba. Za ka iya ɗaukar Benjamin Franklin ka ba shi Masar ta Fir'auna. Da gangan suka yi.

Bazazzagiya: Na sani, Malam. Amma shi Franklin in an kai zamani na uku Amurkarsa tana nan tana jiransa. Ita fa?

Kwamanda_Sabo: Matsalar Civ VII ba matakin wahala ba ce, @Sarkin_Dara. Wannan yanka wasan gida uku da suka yi ne. Kana tsakiyar yaƙi, ka kewaye babban birnin maƙwabcinka, saura ƙiris, sai zamani ya ƙare. Yaƙin ya mutu, an mayar da sojoji gida, biranenka sun koma ƙananan garuruwa in ban da fadar mulki, sunan ƙasarka ma ya canza. Haka yake lokacin da ya fito a Fabrairun 2025, sun dai yi ta gyare-gyare daga baya. To mutumin da ya san za a share masa allo, wane dogon tsari zai yi? Shi ya sa nake ganin Ɗan Fagge yana da rabin gaskiya. Abubuwa biyu na yaba musu: kwamandan da yake tattara runduna a jikinsa ka tafi da su gaba ɗaya maimakon jan soja ɗaya-ɗaya, da manyan kogunan da jirgi yake shiga ciki.

Sarkin_Dara: To in haka ne ku ce Civ VII ne bai yi muku ba, kada ku haɗa da wasannin dabara duka. Ni har gobe Civ na shida nake bugawa. Ɗauki Mali ta Mansa Musa, wadda aka ƙaro a Gathering Storm, ƙarin da aka yi wa wasan a 2019. An rage maka kashi 30 cikin ɗari na saurin gini da horar da soja, ramin ma'adinai kuma maimakon ya ƙara maka aiki sai ya rage, ya ba ka zinariya. Ke nan in ka yi wasa irin na sauran ƙasashe ka mutu tun da safe. Dole ka kafa gari a tsakiyar hamada inda kowa ke gudu, ka lallaɓa cikin talauci har ka gina kasuwar Suguba, ka tura ayari, daga nan komai da kuɗi za ka saya, har sojan. Shawarar da ka yanke a zagaye na goma ita za ta cece ka ko ta kashe ka a zagaye na ɗari da hamsin. Wannan shi ne tsari. Haddace inda harafin K yake a saman rufi ba tsari ba ne, hadda ce.

Fad_Biyu: Hadda? Yallaɓai, da gani ba ka taɓa riƙe kwambo, wato jeren dabaru ba yankewa, ya wuce daƙiƙa goma ba. Bari in yi maka bayanin lissafin. Kowace dabara da ka yi tana da makinta, kuma tana ƙara ɗaya a kan abin da za a ninka jimillar da shi. In ka maimaita dabara ɗaya darajarta tana raguwa, don haka dole ka riƙa canzawa. Makin nan duk ba naka ba ne sai ka sauka lafiya, in ka faɗi komai ya tafi. Sannan ma'aunin daidaito, wannan ɗan allurar da ke lilo in kana gurzar ƙarfe ko kana tafiya a kan taya biyu, yana ƙara haukacewa gwargwadon daɗewarka a kwambo ɗaya. Saboda haka kowace daƙiƙa tambaya ɗaya kake yi wa kanka: in sauka in karɓi abin da na tara, ko in ƙara ƙarfe ɗaya? Ga wani abin kuma, in agogo ya kai sifili kana cikin kwambo wasan ba ya tsayawa sai ka sauka. Gwanaye suna ajiye babbar hanyarsu sai daƙiƙun ƙarshe. In wannan ba dabara ba ce ban san sunanta ba.

Sarkin_Dara: Sunanta caca.

Fad_Biyu: A'uzubillahi. To kai da kake kafa gari kusa da dutse mai aman wuta a Gathering Storm don ƙasar ta fi albarka, me kake yi?

Hajjo_Gem: Hahaha, ya kama ka Sarki.

Baba_Tsoho99: Ku yaran nan kun same shi a sauƙaƙe. Mu da muka buga na farkon a PlayStation 1, a shagon gem ana biyan kuɗi ana jiran layi, babu wannan ɗaga tayar da kuke haɗa kwambo da ita. A na biyu aka kawo ta, shekarar 2000. Juyawar da ake yi in an sauko daga gangare don kwambo ya ci gaba kuma sai a na uku, 2001. A na farkon in ka bar ƙarfe ka taɓa ƙasa lissafi ya ƙare. Filin Warehouse kuwa har yau zan zana maka shi ido rufe, da ɗakin nan na sama da kake fasawa ka ɗauko kaset ɗin ɓoye. Wasan ya fito a 1999, shekarar da shi Tony Hawk ɗin ya yi juyin 900 a gasar X Games a San Francisco, wato zagaye biyu da rabi a sama. Mu lokacin ba mu ma san mutum ne na gaske ba, mun ɗauka sunan gem ne kawai.

Ɗan_Fagge: Baba, girmanka ne. To ya ka ga sabon?

Baba_Tsoho99: Rabin na uku ya yi, ba ni da ta cewa. Foundry da filin jirgin sama da jirgin ruwan nan na ƙarshe duk sun fito tas. Na huɗun ne suka taɓa. Asalinsa a 2002 babu agogo, kana yawo a fili ne kamar College ko Alcatraz, ka je wajen mutum ya ba ka aiki, in ka ga dama ka yi, in ba ka ga dama ba ka wuce. Yanzu sun mayar da shi tsarin minti biyu kamar sauran, filayen kuma manya ne don ba don agogo aka zana su ba. Akwai wurin ƙara lokacin har zuwa awa ɗaya, amma mutanen da ke ba ka aikin da barkwancinsu ba su dawo ba. Waƙoƙin ma yawancinsu sababbi ne. Sabon filin wurin wasan ruwan nan da ya ƙafe dai, Waterpark, na yarda da shi, ka ce tun asali yana ciki.

Na_Maraɗi: Salamu alaikum, ina biye da ku daga Maraɗi. Mi ya sa ba wanda ya ambaci Crusader Kings III? Ku da kuke kukan babu ƙasar Hausa, ga ta nan. In ka fara a shekarar 867 akwai Daurama ta Daura cikin mutanen da wasan da kansa yake ba ka shawara ka ɗauka, al'adarta Hausa, mijinta Bayajida. Kano da Katsina da Gobir duk suna kan taswira. Kuma nan ba gari kake bugawa ba, gida kake bugawa. Ka sha wahala ka haɗa ƙasa, ka mutu, a raba ta tsakanin ɗiyanka, wanda ka koma bugawa ya tashi da kashi ɗaya, 'yan uwansa kuma kowa na hararar kujerarsa. Sai ka ga kana tunanin auren jikanka tun bai iya tahiya ba. Wannan ya hi ƙarhin minti biyu, ɗan uwa.

Bazazzagiya: Kai, Daurama? Allah da gaske? Me ya sa ban taɓa ji ba?

Abu_Hanan: Da gaske ne, amma a faɗa mata duka. A wasan addinin Daurama Bori ne, kuma babbar lambar yabon da aka ware mata ita ce zuriyarta ta gyara addinin gargajiya ta yaɗa shi a Afirka kaf. Ni da na karanta wannan sai na ajiye. Ba zan zauna ina korar Musulunci daga Masar da Magrib ba ko da a wasa ne.

Na_Maraɗi: Malam, ba dole ba ne ka bi lambar. Wasan ba ya tilasta maka komi. Ni musuluntar da gidan na yi da hanya ta samu, na yi ta gina ƙasa ina ƙulla aure da maƙwabta. Kuma a 867 ai tarihi ne, Musulunci bai kafu a fadojin ƙasar Hausa ba tukuna.

MalamTarihi: Haka ne. A Kano ana danganta shigarsa fada da zamanin Sarki Yaji, ƙarni na 14, lokacin zuwan Wangarawa daga Mali. Abin da zan ƙara wa Na Maraɗi shi ne kamfanin da ya yi wannan, Paradox na ƙasar Suwidin, yana da Europa Universalis IV wanda ke farawa a 1444, kuma Kano da Katsina da Zazzau kowacce ƙasa ce mai kanta da za ka iya ɗauka. Sai dai gargaɗi, wasan nan sai ka yi kamar kana karatun digiri kafin ka gane inda kuɗinka ke zurarewa.

Abu_Hanan: Kowa da inda zuciyarsa ta natsu. Ni dai na koma Age of Empires II, can babu wannan.

Kwamanda_Sabo: Can ma ai akwai limamin da ke juyar maka da soja ya koma na abokin gaba, Abu Hanan, kuma da naman gadu kake ciyar da mutanenka.

Abu_Hanan: Tumaki da barewa da gona sun ishe ni.

Kwamanda_Sabo: Shi ya sa kullum kake makara zuwa zamani na biyu! Gadu ɗaya abinci 340 ne, tunkiya 100. Amma tunda an zo nan, bari in ba Ɗan Fagge misalin da ya fi nasa. In akwai wasan dabarar da ya yi kama da Tony Hawk to Age of Empires II ne a intanet. Mintunan farko duk a haddace suke: mutum shida a kan tumaki, na gaba su tafi itace, ɗaya ya janyo gadu zuwa gindin fada, gidan fada kada ya tsaya da fitar da ma'aikata ko na daƙiƙa ɗaya, kowane abinci 50, ka tara 500 ka haye zamani na biyu. Yatsu ne da hadda, daidai da layin da Fad Biyu yake bi a kan ƙarfe. Bambancin shi ne a nan akwai wani ɗan Adam a ɗaya gefen da ya rantse sai ya ɓata maka lissafi. Ka tsara za ka fito da mahaya, ka leƙa ka ga ya cika gida da masu māshi, dole a take ka watsar da shirinka. Filin Tony Hawk ba ya mayar da martani. Ƙarfen da ka gurza jiya yana nan inda ka bar shi.

Ɗan_Fagge: Wannan hujja ce mai nauyi, Kwamanda. Amma ka lura ka bar Civ VII ka gudu wani wasan kafin ka samo ta.

Hajjo_Gem: Ni duk kun yi mini nisa. Laftof ɗina ko buɗe waɗannan ba zai yi ba, wuta kuma sai ta ga dama. A waya nake komai. Polytopia nake bugawa, zagaye 30 an gama, ba ya cin data ba ya cin caji, kafin a sauke tukunya na ci ƙabila biyu. Akwai kuma Unciv, kyauta ne, tsarin Civilization V aka kwaikwaya aka cire kwalliyar. Na allo mai taya kuma True Skate, wanda babu mutum ma a kai, yatsanka ne ƙafar. Ku riƙa tunawa da mu talakawa in kuna kawo sunayen gem.

Injiniya_Mk: Anti Hajjo, in kin samu dama ki nemi Into the Breach, ƙaramin wasa ne, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa. Shi ne amsar wannan gardamar gaba ɗaya a wurina. Fili ne gida takwas-takwas, kana da injinan yaƙi uku, ƙwari manya suna fitowa daga ƙasa. Abin da ya bambanta shi, ana nuna maka abin da kowane ƙwaro zai kai wa hari kafin ya kai. Ba a ɓoye maka komai. Aikinka ka duba ka ga yadda motsi uku za su hana hari huɗu ko biyar: ka ture wannan ya faɗa ruwa, ka matsar da wancan ya harbi ɗan uwansa, ka tsaya da injinka a bakin ramin da wani zai fito. Gine-ginen mutane kake karewa, in suka rushe wutar da kake dogaro da ita ce ke raguwa. Yaƙi ɗaya zagaye huɗu ne ko biyar, amma zagaye ɗaya sai ya zaunar da kai shiru kamar dattawan da ke dara a gindin bishiya, kowa ya ƙura wa rami ido ba mai tari. Gajere ne kamar Tony Hawk, kuma babu ruwansa da saurin yatsa.

Sarkin_Dara: Yanzu aka zo wajen. Abin da nake nufi ke nan tun farko. Ka cire saurin hannu, in abin da ya rage yana da daɗi to wasan dabara ne. Cire saurin hannu daga Tony Hawk ka ga me zai rage.

Fad_Biyu: Cire shi daga Age of Empires ma ka gani.

XCOM_ya_cuceni: Ni ban da abin cewa illa a wasan XCOM sojana ya tsaya gaban dodo, hancinsu na gogar juna, an rubuta damar samunsa 95 cikin ɗari, ya harba ya sami bango. Ku ci gaba.

Zongo_Boy: Gaisuwa daga Nima, Accra. Ni ina hawa allon na gaske kaɗan-kaɗan, tun da aka buɗe Freedom Skatepark a nan a ƙarshen 2021 yara da yawa suka shiga. Abin da zan ce, Tony Hawk ba hawan allo ba ne, wasan tashi sama ne da aka sa wa taya. Mutum ya gurza wayar lantarki ya dira a rufin gida? A gaske kafin ka iya daka allon ya tashi da kai ka haye ɗan dakali, ƙafarka ta sha duka har ka gaji da ƙirga tabo. In kana so ka ji yadda abin yake ka gwada Session. Analok na hagu ƙafar hagu ne, na dama ƙafar dama, babu maki ma sam. Za ka yini a kan matakala guda kana neman saukar da dabara ɗaya, in ta sauka kuma sai ka tashi tsaye kai kaɗai a ɗaki.

Fad_Biyu: Na gwada shi. In wahala nake nema ai ba sai na kunna gem ba.

Zongo_Boy: To tsakiyarsu shi ne Skate 3 na 2010. Da analok na dama kake fizgar dabarar, ka ja ƙasa ka cilla sama allon ya tashi, ka karkata shi ya juya. Yana da nauyi irin na gaske amma ba ya azabtar da kai. Sabon da suka fitar a Satumban 2025 kyauta ne, hannun yana nan da daɗinsa, sai dai dole kana kan intanet ko da kai kaɗai kake wasa.

Hajjo_Gem: Kyautar da sai da data ai ba kyauta ba ce. Sabis ɗin unguwarmu da ko saƙon murya sai ka fita tsakar gida.

Baba_Tsoho99: Wannan ita ce damuwata da wasannin yanzu. Faifan PlayStation 2 ɗina na Tony Hawk's Underground, wanda aka fara sauka daga allo a yi tafiya da ƙafa, in na sa shi yau zai tashi. Wanda yake rataye da intanet ranar da masu shi suka gaji suka kashe na'urarsu shi ke nan.

Ɗan_Fagge: Mun yi nisa da tambayar fa. Bari in gyara zamanta yadda za ta fi tsayuwa. Ban ce Tony Hawk ya fi Crusader Kings ko Civ na shida zurfi ba. Abin da na ce, a minti biyun nan babu daƙiƙar da ba na yanke shawara, a Civ VII kuwa daga tsakiyar zamani na biyu yawancin dannawata ba ta canza komai. Na riga na san na ci, saura aikin ofis: wannan gari ya girma zaɓi fili, wancan ya gama gini zaɓi wani. Wasan da zai ci maka dare uku ya kamata a ce darensa na uku ma akwai abin da zai tsorata ka.

Sarkin_Dara: Wannan ciwon duk Civ ne, har na shidan da nake yabo, ƙarshensa jan ƙafa ne. Don shi ma suka ƙirƙiro yanka zamanin da Kwamanda yake zagi, wai kada wanda ya yi gaba ya tsere har abada. Maganin ne bai karɓi kowa ba. Amma ka ga ka sauko daga "ya fi neman tsari" ka dawo "ya fi yawan danne-danne".

Ɗan_Fagge: Shawara na ce, oga, ba danne-danne ba. Ban sauko ko taki ɗaya ba.

Injiniya_Mk: Ku biyun abu biyu daban kuke aunawa. Ɗaya yana ƙirga yawan shawarar da ake yankewa a minti, ɗaya yana auna nisan inda shawara ɗaya take kaiwa. Frostpunk ma misali ne, dokar da ka sa hannu a kanta a kwanakin farko, ta sa yara aiki ko a gina musu matsuguni, tana bin ka har guguwar sanyin ƙarshe.

Bazazzagiya: Ni dai na riga na sa a sauke mini Crusader Kings. @Na_Maraɗi, in na fara da Daurama wa zan fara kai wa hari, kuma yaya ake hana ƙasar rabewa in ta rasu?

Na_Maraɗi: Hajiya, rabuwar ba ta hanuwa da wuri, sai dai a rage mata zahi. Ki tsaya cikin masarauta guda ki cika ta kahin ki haye wata, don in ƙasar da kika ci ta isa a yi sarauta biyu masu daraja ɗaya, wasan da kansa zai naɗa wa ƙaramin ɗa tasa ya ɓalle. Maƙwabtan da ba su kai ki yawan dakaru ba ki fara da su, ki riƙa kai samame kina tara suna, don a tsarin ƙabila da suna ake ɗaukar mayaƙa ba da zinariya ba. Kuma kada ki bar magajinki ya jagoranci yaƙi da kansa.

Kwamanda_Sabo: Wa ke da Age of Empires II a cikinku? Asabar bayan isha'i, biyu-biyu. Ni da Abu Hanan, in ya yarda zai ci gadu.

Abu_Hanan: Mali zan ɗauka, gine-ginensu ba su cin itace da yawa, gona za ta fito da wuri. Ka nemo mana abokan karawa kawai.

Sarkin_Dara: Ni da Ɗan Fagge. Ya zo ya nuna mana tsarin da ya koyo a kan allo.

Ɗan_Fagge: Na shiga, in an bar mana wuta. Amma da sharaɗi, in an gama kai ma za ka riƙe fad ka yi mana minti biyu a Foundry, Fad Biyu ya ɗauki bidiyo ya sa a nan.